Hannun da Ya Karya Linzami

Ruwan farko na shekarar ya sauka a Gidan Rumji kafin asuba, gari ya waye kowa na neman sungumi da ƙoƙon iri. Shi ya sa sai da hantsi ya ɗaga aka ga gawar Abdussamad mai sayar da kafe, wato gahawa. Wani direba ne ya leƙa shagonsa da ke bakin tasha, ya tarar da shi kife, ƙeyarsa a fashe, ruwa da jini sun gauraye sun malalo har dokin ƙofa. A waje kuma ga jarkar madara a kwance, ƙudaje sun rufe ta.

Babu wanda bai san jarkar ba. Ta Jibo ce, makiyayin da ke kawo wa shagon madara kullum safiya daga rugarsu ta arewacin gari. Kafin jandarma su iso, samari sun je sun jawo shi, da jini a gaban rigarsa. Da ƙyar aka ƙwace shi daga hannunsu.

Kumandan jandarma bai daɗe a garin ba, amma ya san abin da ke biyo bayan irin wannan rana. Ya aika a kira masa Hamma.

Hamma tsoho ne, Bafillace, wanda fari ya cinye masa garke tun yana da sauran ƙarfi, ya zauna gari yana bin sawun dabbobin da aka sace. Manoma na kiransa, makiyaya na kiransa, kowane ɓangare kuma yana zargin ya fi karkata ga ɗayan. Ya iso ya tarar an tattake gaban shagon kamar masussuka.

"Kun gama da ƙasar nan," in ji shi.

"Kafin mu zo anka gama da ita," in ji kumandan. "Baba, da azahar za a rufe shi. In an tashi daga makoki ba ni da wani suna, samarin nan ruga za su nufa, mutanena kuma ba su da yawa."

Hamma ya shiga shagon. Injin kafen na bisa kanta, farin ƙarfe mai sheƙi, da wasu agogo biyu masu allura a goshinsa. A samansa akwai wani ɗan ƙarfe a lanƙwashe, kamar an fizge wani abu daga jikinsa. A ƙasa kuma ga abin da aka yi kisan da shi: wani ƙarfe mai mariƙi, kamar ludayi mai nauyi, wanda ake danna garin kafe a cikinsa. Ƙofar baya a buɗe take.

A bakin ƙofa wani dattijo yake ta ɗaga murya. Kawu Ɗahiru ne, ƙanen mahaifiyar mamacin.

"Mi ake jira? An ga jarka, an ga jini! Ko don mai bin sawun nasu ne?"

Kusa da shi Ubaidullahi, yayan mamacin, yana tsaye ya naɗe hannuwa cikin babbar riga, kansa a sunkuye. A hankali ya ce, "Kawu, bari su yi aikinsu."

*

Jibo na zaune a ƙasa a buron jandarma, wato ofishinsu, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Hamma ya tsuguna, suka yi magana da Fillanci.

"Baffa, a kwance na same shi. Na ɗago shi in ga ko da rai, shi ne jinin."

"To me ya kore ka?"

Jibo ya dube shi da idon da ya rage. "Kai ne za ka tambaye ni wannan?"

Hamma ya san shi ma da gudun zai yi.

"Me ka gani ban da shi?"

"Ƙarfen nan nasa yana huci kamar kububuwa. Ruwa na tsartuwa daga kansa har rufi. Ya fallatsar mini a wuya, duba." Ya karkata, ga wasu ƙananan ƙuraje ja. "Baffa, matata da yara suna can su kaɗai."

*

Tala mai shayi teburinsa na fuskantar shagon, tsallaken kwalta. Kowa ya san tun da Abdussamad ya buɗe, direbobi da ma'aikatan proje na ƙungiyoyin agaji suka rage zama a bencinsa. Da ya ga Hamma ya nufo shi, sai ya fara magana tun ba a tambaye shi ba.

"Na san abin da ake faɗi. Eh, na zage shi. Na ce mutum shi sha abu kamar maganin zazzaɓi cikin ɗan kofin da bai kai na wasan yara ba, wai shi ne wayewa. Amma zagi daban, kisa daban."

"Yau da asuba ina kake?"

"Nan. Gawayina ya jiƙe, ina ta fama da wuta. Na ga fitilarshi a kunne, kullum kafin salla yake kunna injin don shi yi zafi."

"Ka ga mai shiga?"

"Ban gani ba, motar kaya ta tare ni. Amma na ji ihu, guda ɗaya."

"Nasa?"

Tala ya juya cokali cikin kofi. "Da na ɗauka nashi ne. Yanzu ban sani ba. Ihu ne irin na wanda ya taka garwashi. Na ce a raina, yau ƙarfen nashi ya cije shi. Har dariya na yi." Ya ajiye cokalin, muryarsa ta sauka. "Allah shi gafarta mini, har dariya na yi."

*

Rahina, matar mamacin, ta fito zaure lulluɓe da mayafi. Ba ta kuka. Ta zauna nesa kaɗan, ta ce, "Tambaya, Baba."

"'Yata, ban san kan wannan ƙarfe ba. Me aka cire a samansa?"

"Linzami." Ta ga bai gane ba. "Haka yake kiran shi. Ɗan itace ne, tsawon yatsa. Ya ce sauran injuna maɓalli ake dannawa, ruwa shi zubo yadda ya so. Wanga kuwa da hannu ake sarrafa shi. Sai shi saki ruwa ɗigo-ɗigo har garin kafen shi jiƙa, sannan shi buɗe, idonshi bisa allura, sannan shi ja baya kafin ɗaci shi fito. Kowa da yadda yake yi mashi nashi. Shekarun da ya yi Aljeriya, a gidan kafe ya yi su, yana wanke kofuna yana kallon hannun maigidanshi. Ya ce ko sau ɗaya ba a bar shi ya taɓa ba. Ya rantse sai ya mallaki nashi."

"In aka fizge linzamin?"

"Ya hana ni ko goge wurin in injin na da zafi. Ya ce ruwan da ke ciki ya fi na tukunya fushi, a matse yake. In ya samu ƙofa, sai fata."

"Da me ya saye shi?"

Nan ta sunkuyar da kai. "Da gonar gado. Tasu ce su biyu, shi da Yaya Ubaidu. Wani ɗan kasuwa daga Maradi ya ce in ba duka ba, ba ya so. Kawu Ɗahiru ya tsine, ya ce tun kakanni sunka taso daga Tibiri ake noman gonar, ya rantse gaban mutane sai ya farfasa injin da gatari. Tun ranar bai ƙara taka shagon ba."

"Yayan fa?"

"Shi ne ya tsaya mashi. Ya sa hannu, bai ce uffan ba. Kullum safiya shi ne farkon mai shan kofi. Maigidana har cewa yake, duk garin nan Yaya kaɗai ya fahimce ni."

*

Hamma bai je jana'iza ba. Ya koma bayan shagon, ya yi nisa da inda jama'a suka tattake, ya riƙa kewayawa a sunkuye har ya yanki sawun da ya fito daga ƙofar baya. Takalmin taya ne, irin wanda rabin manoman garin ke sawa. Babba ne mai shi, ba yaro ba. Da farko taku mai faɗi, na gudu. Bayan gidajen ƙarshe sai ya koma tafiya, tafiyar ma ba ta miƙe ba.

A bakin wani kududdufi da ruwan ya bari, mai sawun ya durƙusa. Ga gurbin gwiwoyi biyu. Hamma ya ɗauka jini ya wanke. Amma a gefen taɓon ga shatin tafin hannu, na dama, an danna shi da ƙarfi har wuyan hannu ya nutse. Mai wanke jini ba ya yin haka.

Gaba kaɗan ya sake samun irinsa a jikin jiƙaƙƙen yashi. Sai wani a gindin gawo, inda laka ke da sanyi. Kullum hannun dama. A na ƙarshen, wani ɗan farin abu ya manne a laka, siriri kamar ɓawon albasa. Hamma ya ɗauka da tsinke ya duba, ya mayar. Fatar mutum ce.

Ko'ina a daji mutane ne, maza na sara da sungumi, mata da yara na bin su suna jefa iri suna rufewa da diddige. Sawun ya ratsa tsakaninsu ta kan iyakoki, bai shiga gonar kowa ba, har ya kai wata babbar gona mai jan yashi wadda babu kowa a cikinta. Hamma ya tambayi wani mai shuka a maƙwabta.

"Ta gidan su Abdussamad ce a da. Mai ita na yanzu bai aiko 'yan ƙwadago ba tukuna."

A bakin gamban da ke iyaka mai sawun ya daɗe a tsaye, ƙafafunsa sun nutse. Daga nan ya taka cikin gonar kaɗan, ya haƙa rami da diddige, ya rufe, ya danne, daidai yadda ake rufe iri. Hamma ya tona da yatsu. Ɗan itace ne baƙi, sumul, da guntun ƙarfe a gindinsa.

Ya zauna a kan gamban, itacen a hannunsa. Daga cikin gari yana jin kiran sallar azahar. Ya bi sawun ɓarayi da yawa a rayuwarsa, ya san yadda zuciyarsa ke sauƙi idan ya kusa kai wa ga mutum. Yau nauyi ta ƙara. Jibo zai kuɓuta, wannan ya tabbata. Amma gidan da aka fitar da gawa ɗazu, nan sawun zai koma.

*

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Liman na tsakiya, Kawu Ɗahiru a damansa, Ubaidullahi ya jingina da bango. Tala ya zo ya raɓe a gefe. Kumandan na zaune kan kujera da mutanensa biyu a bayansa. Can gindin bishiyar bedi samari sun yi cirko-cirko, sandunansu a jingine, ba su ko ɓoye su ba.

Hamma ya iso da taɓo har gwiwa. Yana cire takalmi ya ji wani na raɗa wa na kusa da shi cewa baƙin ciki ya hana yayan ko shiga kabari ya karɓi ƙanensa, sai Kawu ne ya shiga.

Ya yi gaisuwa, ya ce, "Liman, ban samu sallar jana'iza ba. A yi mini izini in roƙa masa gafara."

Liman ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Hamma ya ja addu'ar da Hausarsa mai ɗanɗanon Fillanci, bai rufe ido ba. Hannuwan Tala duk tabon buta ne, amma tsofaffi, sun yi baƙi. Na Kawu Ɗahiru da ƙasar kabari a ƙarƙashin farce, lafiyarsu lau. Ubaidullahi ya ɗaga na hagu. Na dama yana cikin riga.

Aka shafa. Hamma ya ciro ɗan itacen ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Wannan daga kan injin aka fizge shi. A gonarku ta da na tono shi, an shuka shi kamar gero."

Kawu Ɗahiru ya zabura. "Ni kake nufi? Don na ce zan farfasa shi? Ku ji mini Bafillace, zai wanke ɗan'uwanshi da ni! Tun asuba ina masallaci, a tambayi liman!"

Samarin gindin bedi suka matso. Jandarmomin biyu suka gyara tsayuwa.

"Zauna, Malam Ɗahiru, ba kai ba ne," in ji Hamma. "Wanda ya karya wannan abu, tafasasshen ruwa ya same shi a hannun dama. Tun daga bayan shago har gona yana neman laka mai sanyi yana dannawa. Jibo yana can, a je a duba tafinsa. Kowa a nan kuma na ga nasa." Ya juya wajen bango, ya sassauta murya. "Sai ɗaya. Ɗana, hannun nan yana son magani. Tun safe kake riƙe da shi."

Ana jin kukan mata daga cikin gida. Ubaidullahi bai motsa ba. Can sai ya zaro hannun a hankali ya ɗora kan gwiwa. Wani ya yi salati. Tafin ya saluɓe, ja jawur, yatsun sun kumbura sun manne da juna, busasshiyar laka a tsakaninsu.

"Ubaidu," in ji Kawu Ɗahiru. "Ubaidu, ce wuta ce ta gida. Ce wani abu."

"Da na ji ruwa ya sauka, tashi na yi," in ji Ubaidullahi. Ba ya kallon kowa. "Na ɗauko sungumi, na ɗebo iri. Sai da na kai ƙofar gida na tuna ba ni da inda za ni. Tun ina bin Baba da ƙoƙo ban taɓa rasa shukar fari ba. Na aje kayan, na tafi shagon Abdu. Ban san mi na je yi ba. Na tarar da shi yana murna. Ya ce, Yaya, yau iska ta yi laushi, garin kafe zai sha ruwa daban, tsaya ka ga abin da zan yi maka. Ya kama abin nan da yatsu biyu yana lallaɓa shi, yana kallon allura. Ƙamshin ƙasa na shigowa ta ƙofa, shi bai ko ji ba."

Ya dubi ƙonannen tafin.

"Na ce mashi, Abdu, an yi ruwa. Ya ce, na sani, yau direbobi za su so mai zafi. Sai na kai hannu. Abin kawai na so in karya, wallahi abin kawai. Ruwan ya kama ni. Abdu ya riƙo ni ta baya yana cewa injina, injina, ka kashe mini inji. Bai ce hannunka ba. Na ture shi, ya juya ya rungume injin. Ƙarfen danna garin kafe na bisa kanta, na ɗauka da hagu."

Bai ƙarasa ba, babu kuma wanda ya nemi ya ƙarasa.

"Da ka bari an ƙone ruga?" in ji liman.

"Tun safe nake cewa yanzu zan faɗi. In na buɗe baki sai in ji Inna tana kuka."

Kumandan ya miƙe. Ya ce da ɗaya daga cikin mutanensa ya je ya saki Jibo, ya raka shi har gida. A gindin bedi samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu ko sandunansu ba su ɗauka ba. Kawu Ɗahiru ya rufe fuska da hularsa.

An ɗaga Ubaidullahi ke nan sai labulen zaure ya motsa. Inna Mero ce, mahaifiyarsu, tsohuwa ƙarama, ta fito tsakiyar maza ba ko takalmi. Ashe tana bayan labulen tun farkon magana. A hannunta akwai kwanon ruwa, da ɗan ƙoƙon zuma, da tsumma fari.

"Ku dakata," ta ce.

Kumandan ya ja baya. Ta kama wuyan hannun ɗanta, ta wanke lakar a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya cije leɓe, hawaye na zuba, yana cewa, "Inna. Inna." Ba ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa ba. Ta shafa zumar, ta naɗe da tsumman, ta ɗaure bakin da haƙori.

Sannan ta juya wajen Hamma. Ya so ya kau da kai, ya kasa.

"Kai ne ka biyo shi?"

"Ni ne."

Ta gyaɗa kai. "Da safe ina da biyu," ta ce.

Ta tattara kwanonta da ƙoƙonta, ta ce wa kumandan, "Yanzu ku tafi da shi." Ta shige zaure, ta saki labule.